Bayan An Tashi Daga Taron Maraba: Yadda Sabon Ɗalibi Ke Sabawa da Jami'a

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a jami'a, kuma bana an sa ni cikin kwamitin da zai tarbi sababbin ɗalibai a sashenmu. Bara ma an yi musu taron maraba, an yi jawabai, an zaga da su harabar makaranta, kowa ya tashi yana murna. Amma kafin zangon farko ya ƙare na san mutum biyu da suka tattara kayansu suka koma gida, wasu kuma suna nan amma kamar ba sa nan, daga ɗaki sai aji. Ni kaina na sha kuka a watannina na farko, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Malam, me muke yi ba daidai ba, kuma me ya kamata mu gaya wa sababbin nan domin su saba da wuri?"

Wa'alaikumus salam, 'yata. Idan na fahimce ki da kyau, tambayoyi biyu kika haɗa wuri ɗaya. Ta farko, me ya sa taron da kowa ya yaba bai hana wasu sulalewa ba. Ta biyu, wace magana ce ya kamata wanda ya riga ya gaya wa sabon shiga. Na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya, na kuma zauna a kwamitoci irin naku har na daina ƙirgawa, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ba wani babban kuskure kuka yi a ranar taron ba. Kun dai tashi daga aiki a daidai lokacin da aikin yake shirin somawa. Sabo da jami'a yana ginuwa ne a makonnin da ke biyo bayan biki, lokacin da manyan ɗalibai suka koma kan karatunsu, malamai suka shiga lakca gadan-gadan, sabon ɗalibi kuma ya waiwaya ya ga babu wanda yake tambayarsa yadda ya kwana.

Abin da sabon ɗalibi ya bari a baya

Kafin a yi maganar abin da za a ba shi, yana da kyau a san abin da ya rasa. Yaron da ya fito daga sakandare ya bar wurin da aka san sunansa, aka san halinsa, aka san ko shi mai ƙoƙari ne ko mai wasa. Ya bar tsarin da wani ne yake raba masa lokaci, ƙararrawa ta tashe shi, ƙararrawa ta sallame shi, idan bai zo aji ba a ranar za a neme shi. Wanda ya saba zuwa na ɗaya a ajinsu kuma ya bar wani abu na uku da ba ya iya faɗa da baki, wato matsayinsa, domin ya shigo inda kusan kowa na ɗaya ne a inda ya fito. Duk waɗannan suna barinsa a rana guda, alhali abin da zai maye gurbinsu sai ya ɗauki watanni kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Wani masanin al'adun ɗan Adam da ya yi rubutu da Faransanci, Arnold van Gennep, ya bayyana a 1909 cewa duk wata ƙaura daga wani matsayi na rayuwa zuwa wani tana bin matakai uku: rabuwa da na da, zama a tsakani, sannan shiga cikin sabuwar jama'a. Vincent Tinto, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Syracuse ta Amurka, ya fara rubutu kan dalilan barin jami'a tun 1975, daga baya ya ɗauki wannan fahimta ya ɗora ta a kan ɗalibai. Abin da ya kafa hujja a kai shi ne ɗalibi yana zama ne idan ya sami gindin zama ta fuska biyu, wato ta karatu da ta zamantakewa, kuma raunin ɗaya yana jan ɗayar ƙasa. Taron maraba yana faɗowa ne a bakin matakin farko. Waɗanda kika ce suna nan kamar ba sa nan, a mataki na biyu suka maƙale: sun baro gida, ba su kuma shiga jami'a ba, ko da yake sunansu yana cikin rajista.

Sai dai kada ki ɗauki maganar rabuwa da tsauri. William Tierney ya soki wannan ɓangare na ra'ayin Tinto a 1992, yana mai cewa bai dace a ɗora wa ɗalibi sharaɗin yanke jiki daga jama'arsa kafin ya yi nasara ba, kuma abin da na gani da idona yana goyon bayansa. Na ji manyan ɗalibai suna gaya wa ƙanana su rage kiran gida wai don su yi saurin sabawa. Ban ga amfanin wannan shawara ba. Wanda yake magana da mahaifiyarsa kullum da yamma, amma da rana yana cikin mutane, lafiyarsa ƙalau. Abin dubawa shi ne wanda wayar ta zame masa ɗaki na biyu, ya shige ciki ya rufe ƙofa.

Lokacin da gwiwa ke sanyi

Akwai wani zane da ake yawan nunawa a tarukan horar da masu tarbar ɗalibai, mai kama da kwari tsakanin tuddai biyu: murna da farko, faɗuwa a tsakiya, sannan farfaɗowa. Asalinsa binciken Sverre Lysgaard ne na 1955 a kan 'yan ƙasar Norwe 200 da suka je Amurka da tallafin karatu, inda ya ga waɗanda suka yi tsakanin wata 6 zuwa 18 sun fi nuna rashin natsuwa a kan waɗanda zamansu bai kai haka ba ko ya zarce haka. Zanen ya yi farin jini saboda sauƙinsa, amma ba kowa yake bin sa ba. Colleen Ward da abokan aikinta sun bi ɗaliban Japan da suka je New Zealand, suka ruwaito a 1998 cewa wahalar ta fi tsanani tun daga isowa, babu wani ɗokin farko da ya rufe ta. Don haka idan kin ga wata tana hawaye a daren farko, kada ki ce ta yi gaggawa, idan kuma kin ga wani yana ta raha har wata guda, kada ki ce ya tsira.

A nawa aikin, lokacin da na fi sa ido shi ne daga mako na huɗu zuwa na bakwai, kuma dalilan a bayyane suke. A lokacin ne ake dawo da sakamakon gwajin farko, wanda sau da yawa shi ne maki mafi ƙanƙanta da yaron ya taɓa gani a gaban sunansa. A lokacin ne kuɗin da aka ba shi na zango guda yake nuna alamar ba zai kai ba. A lokacin ne kunyar da ke tsakanin abokan ɗaki take ƙarewa, halin kowa ya fito, an ce zo mu zauna zo mu saɓa. Kuma a lokacin ne yake ganin kamar kowa ya riga ya sami abokansa, ƙofa ta rufe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne, haɗuwarsu a mako guda ce take karya mutum.

Yadda abota ke ƙulluwa

Nan ne nake so ki daɗe, domin nan ne kwamitinku yake da iko fiye da yadda kuke zato. Mutane suna ɗauka abota tana zuwa ne daga dacewar hali, cewa mutum zai shiga taro ya hango wanda jininsu ya haɗu. Wani lokaci hakan yana faruwa, amma abin da ya fi yawa bai kai haka armashi ba. A 1950 Leon Festinger da Stanley Schachter da Kurt Back sun fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a gidajen ɗalibai masu iyali na cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, waɗanda aka raba wa gidajen ba tare da sun zaɓi maƙwabtansu ba. Da aka tambayi mazauna su faɗi mutum uku da suka fi hulɗa da su, kimanin kashi 65 cikin 100 na waɗanda aka ambata a gini ɗaya suke da mai maganar. A cikin bene guda ma, kashi 41 na maƙwabtan ƙofa da ƙofa sun zama abokai, kashi 22 na waɗanda ƙofa ɗaya ta shiga tsakaninsu, kashi 10 kacal na waɗanda suke ƙarshe da ƙarshe. Waɗanda ƙofarsu take kusa da matakala kuwa sun fi sauran samun abokai a hawan sama, saboda kawai ta gabansu ake wucewa.

Ma'anar wannan ita ce yawan haɗuwa ba tare da an shirya ba shi ne yake haifar da sabo, sabo kuma ya haifi abota. Jeffrey Hall na jami'ar Kansas ya yi ƙoƙarin auna lokacin da abin yake ci, a wani bincike da ya fito a 2018 wanda wani sashensa a kan 'yan aji ɗaya aka yi shi. Ya ƙiyasta cewa ana bukatar zama tare na kimanin awa 50 kafin wanda aka sani sama-sama ya zama abokin hira, kimanin awa 90 kafin a kira shi aboki, sama da awa 200 kafin ya zama amini. Ba na ɗaukar waɗannan lambobi kamar awon magani, amma ki kwatanta su da taron maraba na awa uku inda mutum ɗari biyu suke zaune suna fuskantar mumbari, za ki ga inda gizo yake saƙar.

Ni kaina na yi wannan kuskure shekaru da dama. Nakan tsara taro mai jawabai bakwai ko takwas, kowane jami'i ya zo ya karanta dokokin ofishinsa, mu raba takardu, mu tashi muna ganin mun sauke nauyi. Wata rana na tambayi ajina, makonni kaɗan bayan irin wannan taro, wa zai iya gaya mini inda ofishin mai ba da shawara yake. Aji ya yi tsit, alhali mutumin ya tsaya a gabansu ya yi bayani da bakinsa. Ba laifinsu ba ne. Wanda bai riga ya gamu da matsala ba, ba shi da inda zai rataye bayanin maganinta, sai ya bi iska.

Daga nan muka sauya tsari. Muka rage jawabai, muka raba sababbin ƙungiya-ƙungiya, mutum takwas zuwa goma, kowace ƙungiya da manyan ɗalibai biyu, kuma muka haɗa waɗanda suke ɗaukar kwasa-kwasai iri ɗaya domin su riƙa cin karo da juna ko ba mu kira su ba. Sharaɗi ɗaya muka kafa: su haɗu sau ɗaya a mako, rana ɗaya, wuri ɗaya, har tsakiyar zango, ko da na rabin awa ne, ko da babu abin tattaunawa. Mun taɓa gwada haɗa mutum ɗaya da babba ɗaya, bai yi mana kyau ba, domin idan jininsu bai haɗu ba ko babban ya shagala da nasa karatun, ƙaramin ya zama maraya ke nan, kuma kunya ba za ta bar shi ya kawo ƙara ba. A ƙungiya kuwa, ko babban ya yi sakaci, sauran suna riƙe juna. Zagayen harabar makaranta ma mun canza shi: maimakon a bi da su a nuna musu gine-gine, kowace ƙungiya takan ɗauki jadawalin lakcarta ta bi shi da ƙafa, daga ɗakin lakcar Litinin da safe zuwa na gaba, su ga minti nawa tafiyar take ci, su shiga laburare kowa ya ari littafi guda da katinsa, su leƙa asibitin makaranta su ga ƙofar da ake shiga. Baƙo ko da idonsa makaho ne, kuma wurin da ƙafa ta taɓa takawa ya fi sauƙin komawa ranar da ake cikin damuwa.

Wannan tunani na shimfiɗa tarba a tsawon zango ba sabo ba ne. Jami'ar Karolina ta Kudu a Amurka ta buɗe wani kwas na musamman ga 'yan aji ɗaya a 1972, bayan tarzomar ɗalibai ta 1970 ta nuna wa shugabanninta irin nisan da ke tsakaninsu da ɗalibansu, kuma John Gardner, wanda ya jagorance shi daga 1974, ya yaɗa tsarin har jami'o'i da yawa suka kwaikwaya. Ku ba ku da ikon ƙirƙiro kwas, amma haɗuwar mako-mako ba ta bukatar izinin majalisar jami'a.

Ki kuma tuna da waɗanda tsarin gini bai yi musu gata ba. Wanda yake kwana a wajen makaranta, da matar aure da take sauri ta koma ga yara, da magidancin da ya dawo karatu bayan shekaru yana aiki, da mai larurar da ba ta barinsa hawa bene, duk ba su da matakalar da ake wucewa ta gabansu. Idan kuka sa haɗuwarku da daddare, kun cire su ba tare da kun sani ba. Tazarar da ke tsakanin lakca biyu da rana ta fi dacewa da kowa.

Maganar da za ki gaya musu

Kin ce kin sha kuka ba ki faɗa wa kowa ba. A ganina wannan ita ce magana mafi daraja da kike da ita, kuma ina da dalili. Sabon ɗalibi idan ya faɗi gwaji ko ya zauna shi kaɗai a ɗakin cin abinci, abin da ya faru ba shi ne yake kayar da shi ba, fassarar da ya yi masa ce. Wani zai ce yau ba ta yi kyau ba. Wani kuma zai ce wannan ya tabbatar da abin da nake zargi, irina ba su dace da nan ba. Na biyun shi ne yake daina tambaya a aji, ya daina zuwa wurin malami, ya janye daga mutane, sai zarginsa ya zama gaskiya da hannunsa.

Gregory Walton da Geoffrey Cohen sun gwada wani abu mai sauƙi a kan wannan, suka wallafa sakamakonsa a mujallar Science a 2011. Sun ba wasu 'yan aji ɗaya a Amurka bayanan manyan ɗalibai da ke nuna cewa kusan kowa ya yi fama da jin bai dace da wurin ba a farko, kuma abin ya wuce da tafiyar lokaci. Sannan suka sa su rubuta wannan saƙo da kalmominsu, da misalai daga rayuwarsu, su faɗe shi a gaban kyamara domin amfanin waɗanda za su zo bayansu. Zaman bai wuce kamar awa guda ba. Da aka bi sakamakonsu na shekara uku, makin ɗalibai baƙar fata da suka shiga gwajin ya tashi har tazarar da ke tsakaninsu da takwarorinsu farare ta ragu da kusan rabi. Mutum 92 ne kawai a wancan gwaji, amma a 2023 an fitar da wani mai ɗalibai sama da 26,000 a makarantu 22, kuma abin da ya nuna yana da muhimmanci a gare ku: saƙon ya yi amfani ne a inda ɗalibai suke da damar samun karɓuwa da gaske. Inda babu wannan dama, magana kaɗai ba ta yi aiki ba. Wato ba za ki gaya wa mutum zai saba ba, sannan ki bar shi a wurin da ba a amsa sallamarsa.

Saboda haka, a maimakon jawabin wanda ya fi kowa maki, wanda yawanci ƙara tsorata su yake yi, ku sa mutum uku ko huɗu daga cikinku su faɗi gaskiyar abin da ya same su a zangon farko da yadda ya warware. A faɗi abin dalla-dalla: makin da aka ci a gwajin farko, makon da aka fara tunanin komawa gida, wanda aka je wurinsa, watan da abin ya fara sauƙi. A guji labarin da bai ƙare ba tukuna, a kuma guji mai da wahala abin alfahari, irin na masu cewa mu ma haka muka sha, ku ma sai kun sha. Sannan a mako na shida ko na bakwai ku roƙi sababbin su rubuta 'yar wasiƙa ga waɗanda za su zo baɗi. Wanda aka roƙa ya ba da shawara yana jin kansa ɗan gida, ba abin tausayi ba.

Karatun kansa

Kada zamantakewa ta sa ku manta cewa karatu ya kawo su, kuma da yawa daga cikin abin da ake kira kewar gida, idan aka tona, tsoron faɗuwa ne. Abin da ya fi ruɗar sabon shiga shi ne jadawalin da yake gani da sarari a ciki, sai ya ɗauka sararin hutu ne. A tsarin ƙasashen Turai ana lissafa shekarar karatu a kan awa 1,500 zuwa 1,800 na aiki, wanda ya yi daidai da aikin cikakken ma'aikaci, kuma lakca kaso ne kawai a ciki. A Amurka ƙa'idar ita ce kowace awa guda ta aji tana bukatar aƙalla awa biyu na karatu a waje. Wanda yake da awa 15 na lakca a mako, ke nan akwai wasu 30 da babu wanda zai tsaya a kansa ya ga ya yi su. Ku zauna da su ku cike sararin nan a takarda, da wurin da za a yi karatun, ba lokacin kaɗai ba.

Abu na biyu shi ne halartar lakca. Marcus Credé da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa a 2010, suka ga halartar aji ta fi makin sakandare da na jarrabawar shiga jami'a nuna yadda sakamakon ɗalibi zai kasance. Ni kuma abin da ya sa nake kula da ita shi ne ita ce alamar farko da take bayyana. Na taɓa samun wani yaro da ya ɓace daga ajina kusan wata guda. Da aka nemo shi, sai ya zamana an canza ɗakin lakca ne a makon da ya yi zazzaɓi, ya zo bai sami kowa ba, ya ji kunyar tambaya, da kwanaki suka yi yawa kuma ya ji kunyar shigowa a gan shi. Babu wani babban dalili bayan wannan. Da akwai mutum ɗaya da ya lura da kujerarsa a makon farko, da maganar ba ta kai haka ba. Ku koya musu kuma cewa zuwa ofishin malami da tambaya ba rashin kunya ba ne, kuma idan da hali ku raka su zuwan farko, domin ƙofar ofis tana yi wa ɗan aji ɗaya nauyi fiye da yadda mu malamai muke tunawa.

Inda aikinku ya tsaya

Akwai abubuwan da tarba, kome kyanta, ba ta magance su, kuma gara ki san su tun yanzu don kada ki ɗora wa kanki laifin da ba naki ba. Wanda kuɗin makaranta ya gagare shi, ofishin kula da harkokin ɗalibai da masu ba da tallafi yake bukata, kuma taimakon da za ki yi masa shi ne ki kai shi da wuri, kafin wa'adin rajista ya wuce. Wani kuma kwas ɗin ne ba nasa ba, an tura shi ne ko bai sami abin da ya nema ba, kuma canza sashe ko ma canza makaranta zai fi masa alheri a kan ya daure shekara huɗu. Mai yiwuwa cikin mutum biyun da kika ambata akwai wanda tafiyarsa daidai ce.

Sai maganar lafiya, wadda ni malami ne ba likita ba, iyakata in nuna hanya. Wani babban bincike da Ronald Kessler ya jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 2005, ya nuna cewa rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna somawa kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin 24, wato shekarun shiga jami'a suna tsakiyar lokacin da abin yake bayyana. Kewar gida tana zuwa tana tafiya, mai ita yana cin abinci, yana dariya idan an yi abin dariya. Amma wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci ko ba ya tashi daga gado, ya daina ci, ya daina wanka, ko ya fara maganar cewa rayuwarsa ba ta da amfani, wannan ya wuce hira da lallashi. A kai shi wurin likita ko mai ba da shawara, kuma idan ya ambaci cutar da kansa, a ranar za a sanar da wanda ke da alhaki, ko da ya roƙa a rufa masa asiri. Saboda haka kada ki taɓa yi wa kowa alkawarin cewa duk abin da ya faɗa miki ba zai fita ba. Haka nan wadda ta zo miki da ƙorafin cin zarafi ko matsin lamba daga wani babba, malami ne ko ɗalibi, ki saurare ta, ki raka ta inda ake kai irin wannan ƙara, kada ki ɗauki bincike a hannunki. Cunkoson ɗakunan kwana kuma yana da nasa haɗari: 'yan aji ɗaya da ke zaune a hostal suna cikin waɗanda sanƙarau ya fi kamawa, abin da ya sa Birtaniya take ba masu shiga jami'a riga-kafinsa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin da za a jira gari ya waye ba ne.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ki shi ne ki nemi jerin sunayen sababbin tun ranar farko, ku raba shi a tsakaninku yadda kowane suna yana hannun wani. A mako na biyar ku zauna ku bi shi ɗaya bayan ɗaya, kuna tambaya wa ya ga wane a makon nan. Za ku tarar da sunaye uku ko huɗu da babu wanda zai iya tuna fuskarsu, kuma su ne waɗanda za a je a nema. Idan kin je wurin ɗaya daga cikinsu, kada ki tambaye ta ko lafiya, domin lafiya lau za ta ce miki. Ki ce mata za ki laburare ne, ta zo ta raka ki, sannan ki koma ranar Alhamis ki sake kiranta.